Taku Sittin

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Wannan littafin awo ne. Daga gaba faɗin kafaɗa da tsawon hannun masu kawo mini ɗinki, daga baya kuma yau na fara rubuta abin da ba ni da wanda zan gaya wa. Kwana uku ke nan keken ɗinkina bai motsa ba. Wa zai ɗinka sabuwar riga alhali yana ƙulle kaya?

Da safe motocin soja goma sha ɗaya suka wuce ta ƙofar gida, suka nufi iyaka. Rediyo ta ce sojojin ƙetare sun sake yin kutse, karo na uku a wata guda, kuma haƙurin gwamnati ya kusa ƙarewa. Mutanen ƙetare shekara biyu suna yaƙinsu da maƙwabtansu na arewa, mu ba ruwanmu. Yanzu ana cewa wutar ta kusa kama gemunmu.

Malam yana tsakar gida yana wanke burushi da kananzir. Shekara ashirin da shida wannan ne aikinsa: kula da ginshiƙan iyaka talatin da biyu, daga gada zuwa baƙin dutse. Ya nome ciyawar gindinsu, ya liƙe inda siminti ya tsage, ya shafa farin fenti, ya rubuta lamba da baƙi. Kowane ginshiƙi fuska biyu gare shi. Tamu ta Malam ce, waccan kuma ta takwaransa ce, wanda muke kira Na-Ƙetare. Tare suke fita duk shekara kafin ruwa ya sauka, kowa a gefensa, suna hira ta kan siminti, kuma ko ɗigon fenti ɗaya bai taɓa sa wa fuskar ɗaya ba. Ni dai na auri mutumin da ke yi wa siminti sannu da rana, na kuma gode Allah.

Da mai labarai ya ce abin ya faru ne kusa da ginshiƙi na sha bakwai, hannun Malam ya tsaya cikin gwangwani. Nawa ma ya tsaya.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Bai taɓa burodin ba, shayin ma ya huce a gabansa. Ban tambaye shi ba.

Alhamis, 7 ga wata, bayan azahar

Bari in rubuta, ko ƙirjina ya yi sauƙi.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka yi wani ruwa mai ƙarfi, kwazazzabo ya ci gefen ginshiƙi na sha bakwai, ya kayar da shi. A ƙa'ida sai a rubuta wa babban ofishi, su rubuta wa na ƙetare, a kafa kwamiti, a zo da safiyo masu auna ƙasa daga ƙasashe biyu. Na tara da ya faɗi a zamanin wanda Malam ya gada, shekara shida ya yi a kwance ana jiran kwamiti. Malam kuwa yana da wata magana da na ji har ta ishe ni: ginshiƙi ba ya kwana a kwance. Na-Ƙetare ma irinsa ne, kamar uwa ɗaya ta haife su. Sai su biyu suka ɗaure shi da igiya, suka ja shi zuwa inda ƙasa take da ƙarfi, suka tsayar da shi. Ƙasa mai ƙarfin a gefenmu take, taku sittin daga wurinsa na asali. Suka ce na ɗan lokaci ne, kafin su kai rahoto. Wuri ne da ko akuya ba ta kiwo, ba wanda ya lura, shekara ta bi shekara, rahoto bai tafi ba.

Ni na kai musu ruwan kwaɓa simintin, jarka biyu a ka. Har dariya na yi musu.

To ga shi yanzu. Sojojin ƙetare suna bin ginshiƙi, suna zuwa har gindinsa, a ganinsu ƙasarsu ce. Namu baƙi ne daga babban birni, suna bin taswira da na'ura, a ganinsu an shigo mana taku sittin. Kowa da gaskiyarsa, kowa da bindigarsa. Mutum uku ne a duniya suka san dalili, ɗaya a ƙetare, biyu a ɗakin nan. In Malam ya buɗe baki, ba za a ce tsoho ya tsayar da abin da ya faɗi ba. Za a ce ma'aikacin gwamnati ya ba wa baƙi ƙasa a lokacin yaƙi, kuma na san inda ake kai masu irin wannan laifi.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na samu ɗinki. Kyaftin ɗin sojojin da suka sauka a makarantar firamare ya kawo wando da waya ta yage masa a gwiwa. Mutum ne mai ladabi, ya cire hula ya ce, "Sannu da gida, Mama." Da ya ji Malam ne mai kula da ginshiƙai sai ya ja kujera. Ya ce abin da ke ɗaure masa kai shi ne rashin kunyar mutanen, ba ɓuya suke ba, zuwa suke su zauna a inuwar ginshiƙin su sha taba, kamar gidan ubansu.

"Baba, kai ka san wurin nan fiye da kowa," in ji shi. "Me suke nema a can?"

Na ga Malam ya gyara zama ya buɗe baki. Ban san lokacin da na taka keke ba. Na taka shi kamar ana bi na, ƙara ta cika ɗakin, na ɗinke gwiwar wandon har sau uku, kusan in haɗa ta da ta baya. Na miƙa masa na ce an gama, hanya ba kyau, gara ya koma da wuri. Ya tafi yana godiya.

Malam ya dube ni ya ce, "Tela, wannan gwiwa ko harsashi ba zai huda ta ba." Haka yake kirana tun muna sabon aure. Ban yi dariya ba.

Lahadi, 10 ga wata, da hantsi

Yana da wani littafin aiki mai baƙin bango, inda yake rubuta duk abin da ya yi wa kowane ginshiƙi, da rana da wata. Na buɗe shafin shekarar nan ta ruwa, sai ga shi da kyakkyawan rubutunsa: an matsar da na sha bakwai taku sittin, gabas. Wane irin mutum ne zai yi laifi ya zauna ya rubuta da hannunsa, har ya ja layi a ƙasa? Na yi fushi, na kuma ji wani abu a raina da ba fushi ba. Shekara talatin ina zaune da shi, ƙarya ko ta wasa bai iya ba. In na tambaye shi ko miya ta yi gishiri, sai ya ce ta yi.

Na farke matashinsa, na tura littafin cikin auduga, na ɗinke.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mun yi magana. Ni na yi, shi ya saurara. Na ce baki shi ke yanka wuya. Na ce shekara biyu suka rage masa ya ajiye aiki, ga ciwon gwiwa, ga Auta ba ta gama karatu ba. Na ce manya za su sasanta kansu kamar yadda suka saba, mu su wa? Na ce Na-Ƙetare ma ai ya yi shiru, me ya sa sai shi?

Ya ce bai san ko Na-Ƙetare ya yi shiru ba. Wannan kaɗai ya ce.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Auta ta bugo waya daga makaranta, tana kuka, wai mu bar garin. Na ce mata lafiya lau muke, rediyo ce ke ƙara gishiri. Ni na iya ƙarya, na iya ta mutum biyu.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Wajen ƙarfe tara muka ji. Ba ta daɗe ba, kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano, sai shiru. Daga baya motar asibiti ta wuce, ta dawo a hankali, ba jiniya.

Matar direba, maƙwabciyata, ta shigo ba sallama ta zauna a ƙasa. Ɗanta na fari soja ne, yana cikin sojojin da aka kawo iyaka. Ba shi ba ne, an tabbatar mata. Amma ta ga takalman gawa huɗun da aka sauke, irin nasa ne. Na riƙe hannunta, na kasa duban fuskarta.

Malam ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ban tambaye shi ba.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An ba sojojin ƙetare wa'adin kwana uku su janye. Su kuma sun ce ba inda za su, ƙasarsu ce. An kawo manyan bindigogi, an jera a filin ƙwallo.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ya tafi.

Lahadi, da la'asar

Na tashi na same shi yana goge kakin aikinsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, har ya ƙona bakin aljihu. Na karɓe dutsen gugar na ce ya matsa, kada ya je gaban mutane kamar wanda ba shi da mata. Ina guga ina jiran ya roƙe ni, ko ya yi mini wa'azi, in samu abin da zan yi faɗa a kai. Bai yi ba. Ya ce kawai jiya ya ga matar direba tana shanya, ta gaishe shi da girmamawa, ya kasa amsawa.

"Tela, ni na tsayar da shi a can," ya ce. "Yaran nan ba su san komai ba, namu da nasu. In na yi shiru zuwa jibi, ban san mutum nawa zan kashe ba."

Na ajiye guga, na ɗauko almakashi, na farke matashin, na miƙa masa littafin. Na zaci zai yi mamaki. Sai ya yi murmushi ya ce mako guda yana kwana a kansa, wuyansa ya riga ya gaya masa. Ashe ya sani, ya bar ni ne in kawo da kaina.

A bakin ƙofa ya juyo, na ce yanzu zai faɗi wata magana da zan riƙe. Ya ce in riƙa canza kananzir ɗin burushi duk kwana uku, kada gashin ya ƙage. Na tsaya ina kallonsa yana ɗingishi zuwa makarantar, littafi a hammata, bayansa a miƙe. Wallahi ban taɓa ganin namiji kamarsa ba, kuma ban taɓa jin haushin wani kamar yadda na ji nasa ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ba labari. Na kai abinci, sun karɓa a ƙofa.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau wa'adin ya cika. Ba a yi harbi ba. Na canza kananzir, ko da yake kwana ukun bai cika ba.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kyaftin ya zo da kansa, ba wando a hannunsa. Ya ƙi zama sai da na matsa. Ga abin da ya ba ni labari.

Da farko bai yarda ba, ya ɗauka tsoho ne ya ruɗe. Sai Malam ya gaya masa abin da masu wannan aiki kaɗai suka sani: kafin a kafa kowane ginshiƙi na asali, sai an haƙa rami mai zurfi an zuba gawayi da fasassun kwalabe, don ko ginshiƙi ya ɓata, ƙasa ta riƙe shaidarsa. Ya ce a tona gindin na sha bakwai, ba za a samu komai ba. A auna taku sittin yamma a tona, za a samu. Kyaftin ya kai magana sama, na sama suka kai sama, aka yi kwana biyu ana waya tsakanin manya, aka ɗage wa'adin, aka yarda kowane gefe ya zo da mutum biyar ba bindiga.

Jiya suka je. Da suka isa sai ga Na-Ƙetare a tsakiyar nasa sojojin, ido ɗaya a kumbure. Ashe shi tun ranar harbin ya je ya faɗa, ba su yarda da shi ba sai da maganar Malam ta iso. Kyaftin ya ce tsofaffin nan biyu suka dubi juna, ɗaya ya ce ina gajiya, ɗaya ya ce ba gajiya, kamar jiya suka rabu. Aka ba su shebur. Sojoji suka ce za su tona musu, suka ƙi. Suka tona gindin ginshiƙin, jar ƙasa zalla. Suka auna taku sittin, kafaɗa da kafaɗa, suna ƙirgawa a bayyane, suka tona a bakin kwazazzabo. Sai da ramin ya kai ƙirji sannan shebur ya yi ƙara. Malam ya ɗebo gawayi da koren gilashi a tafinsa, ya nuna wa nasu hafsan tukuna, sannan namu.

"Mama, na ga mutane da yawa a gaban bindiga," in ji kyaftin. "Ban taɓa ganin wanda ya tona ramin kansa da natsuwa irin ta Baba ba."

Na ce to yaushe zai dawo gida? Ya juya hularsa a hannu, ya ce wannan ba a hannunsa yake ba.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Motoci suna komawa. Na ƙirga tara. Rediyo ta ce an gano rikicin ya samo asali ne daga sakacin wani ƙaramin ma'aikaci, kuma zai fuskanci hukunci. Ƙaramin ma'aikaci. Na kashe ta.

Talata, 26 ga wata, da hantsi

Garin ya rabu biyu a kaina. Mai shagon kusurwa ya daina amsa gaisuwata, wai mijina ya sayar da ƙasa. Na so in tambaye shi nawa ne kuɗin taku sittin na ƙaya da kunama, na haɗiye. Wasu kuma suna cewa ba don shi ba da yaran nan huɗu suna raye. Wannan kam gaskiya ne, kuma Malam da kansa ya riga kowa faɗa.

Matar direba ta kawo yadi biyar, wai in ɗinka wa ɗanta, an ba shi hutu. Na san tana da telanta a kasuwa, amma ni ta kawo wa. Da za ta fita ta ce, "Yaya, in za ki ziyara, direba zai kai ki."

Litinin, 2 ga sabon wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na gan shi. Awa uku a mota, minti ashirin a gaban ragar waya ta kurkuku. Ya rame, an aske masa kai, amma idonsa garau, ya ce rabon da ya yi barci mai daɗi irin na yanzu tun kafin motoci su zo. Na tafi da maganganu cike da baki, na Auta, na gwiwarsa, na lauya. Shi kuwa tambayarsa ɗaya: an mayar da na sha bakwai wurinsa? Na ce kyaftin ya ce an mayar, da sabon siminti. Ya ce an shafa masa fenti? Na ce ina zan sani? Sai ya shiga damuwa, wai sabon siminti in ruwa ya sauka a kansa tsirara, ba ya shekara uku. Ba a naɗa kowa a madadinsa ba, ga hadari ya fara haɗuwa.

Na ce, "Malam, kai da siminti wa ke cikin kurkuku?" Ya yi dariya har mai gadi ya waiwayo.

Na tambaye shi Na-Ƙetare. Dariyar ta tsaya. Tun ranar ramin aka sa shi a mota, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa, kuma a can ba su da sauƙi irin na nan. Ya ce shekara ashirin da shida yana yi masa tsiya a kan bakwai ɗinsa, don shi Na-Ƙetare in ya rubuta bakwai sai ya ja mata layi a tsakiya, Malam yana ce mata bakwai mai ɗamara. Ya ce da ya sani da ya ƙyale shi da ɗamararsa.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe uku na rana

An yanke masa hukunci. Alƙali ya faɗi adadi. Ba zan rubuta shi a littafin awo ba.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na canza kananzir.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Jiya da yamma iska ta kawo ƙanshin ruwa, sai na kasa zama. Da safe na ɗauki gwangwanin farin fenti da ƙaramin na baƙi da burushi biyu, na je wurin kyaftin na ce ya ba ni izini. Ya dube ni, ya dubi gwangwanin, ya ce zai raka ni da kansa. Ban taɓa shafa fenti ba, amma wadda ta iya yanka wuyan riga ba za ta kasa rubuta sha bakwai ba.

Tafiyar awa ɗaya ce daga inda mota ta tsaya. Mun wuce tsohon ramin da aka cike, na ƙirga takun a raina ba da niyya ba. Ban kai sittin ba na hango shi a bakin kwazazzabo, fari fat, yana ɗaukar ido.

Na ce wa kyaftin ashe sun riga ni. Ya ce su ba su aiko kowa ba. Na matsa kusa. Fuskarmu ce, an shafa mata fenti sau biyu, an nome ciyawar gindin, fentin bai gama bushewa ba, don ya kama mini yatsa. A tsakiya ga lamba da baƙi, ɗaya a miƙe, bakwai da ɗamararta. A ƙasa, a gefenmu, sawun takalmi ne guda biyu, na mutum ɗaya, daidai inda mai fenti zai tsaya, ba ko taku ɗaya na ƙari.

Kyaftin ya daɗe yana kallon sawun. Ya ce, "Mama, a ƙa'ida wannan kutse ne." Sannan ya sa takalminsa ya share shi.

Na zauna a kan gwangwanin na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ya fita da littafi a hammata. Daga baya na dawo da fentina gida ko buɗewa ban yi ba.

Ziyara sai ranar Litinin ta sama. Zan ce masa Na-Ƙetare yana raye, kuma an shafa kafin ruwa. Sai na bari ya gama murna tukuna in gaya masa zancen ɗamarar. Zai yi faɗa, na matsu in ji.